Masu lalata da yara a kurkuku: gaskiya ne fursunoni na far musu?

Malam, ka tambaya ko gaskiya ne wanda aka ɗaure kan lalata da ƙananan yara ya fi kowa shan wuya a gidan yari. Eh, gaskiya ne, musamman a Amurka da Ingila. A can su ne ƙasan kowa. Ɗan fashi da mai kisa ma kallon banza suke musu. A gidajen yarin Amurka da dama, sabon shiga bai gama ajiye bargonsa ba za a ce ya nuna takardun shari'arsa, don a ga laifin da ya kawo shi. Richard Huckle, ɗan Ingila da ya lalata yara a Malesiya, wani fursuna ne ya kashe shi a kurkukun Full Sutton da ke Ingila a 2019. Larry Nassar, tsohon likitan 'yan wasan motsa jiki na Amurka, ya sha sukar wuƙa a wani kurkuku na jihar Fulorida a 2023, amma ya rayu.

Sai dai abin ya danganta da inda aka ajiye mutum. Ingila na ware musu ɓangare na daban, har da kurkuku sukutum irin na Whatton, kuma yawancinsu lafiya lau suke gama wa'adinsu. Haɗarin yana wurin cakuɗuwa. Shi ya sa cunkoson gidajen gyaran hali na Najeriya ke damuna, inda mafi yawan mazauna jiran shari'a suke. Zargi kaɗai ya isa a lakaɗa wa mutum duka, alhali alƙali bai ce ya yi ba.