Amsa: ɗaukar hoto a ƙauye lokacin hunturu

Wa alaikumus salam. Malam, ka ce za ka je gida hutun ƙarshen shekara, kana son ɗaukar hotunan rayuwar garinku da waya, amma na bara sun fito a dusashe, sama fari fat, fuskokin mutane kuma baƙi ƙirin. Ba laifin wayarka ba ne, hazo ne.

Ƙurar hunturu, wadda mafi yawanta iska ke kwasowa daga kwarin Bodele a ƙasar Chadi, tana tsayawa tsakanin kamara da abin da kake ɗauka. Gwargwadon nisan abu, gwargwadon yawan ƙurar da ke tsakaninku. Shi ya sa dutse ko gonar da ke can nesa ke fitowa ba launi. Magani shi ne ka matsa kusa, mita 2 zuwa 5. A wannan tazarar hazon ma taimakonka yake yi, domin yana tausasa hasken rana, ba ya barin inuwa mai kaifi a ƙarƙashin ido da hula. Kada ka jawo hoto da yatsu fiye da 2x, sai dai in wayarka tana da gilashi na musamman don nesa. In ba haka ba, yanka hoton kawai wayar take yi tana kumbura shi.

Batun baƙin fuska kuwa, waya tana auna hasken duk abin da ke cikin hoton ne. In farin sama ya cinye rabi, sai ta rage haske, mutum ya zama inuwa. Ka rage sama a cikin hoton, ka sa bangon laka, rumbu ko dangar kara a bayan mutum. Sannan ka taɓa fuskarsa a jikin allon wayar, ka ja alamar rana sama kaɗan. A tsarin Pro na kamarar waya kuwa, inda kai ke saita komai da hannu, ka kai EV (ƙari ko ragin haske) zuwa +0.7, ka tsayar da WB (ma'aunin launin haske) wajen 5500 zuwa 6000, don in ka bar wa wayar zaɓi, takan wanke wannan ruwan ɗorawa na hunturu ta mai da shi toka-toka.

A Disamba, a yankin Kano da Katsina rana tana fitowa wajen ƙarfe 6:45, ta faɗi jim kaɗan bayan 6 na yamma. Daga fitowarta zuwa ƙarfe 9, da kuma bayan La'asar, nan ne aikin yake. Tsakar rana ka huta.

Abin da nake ganin mutane sun fi yin asararsa shi ne hoton da ake ɗauka ana fuskantar rana. An saba cewa ka ba rana baya, to a hunturu ka karya wannan dokar. Tururin butar mai shayi, hayaƙin wutar kara da ake jin ɗumi, ƙaiƙayin da ke tashi in mata na shiƙa a masussuka, ƙurar garken shanu in za su mashaya, duk ba sa fitowa sai rana tana bayansu ko tana gefe. Ka tsaya inda bishiya ko katanga ta tare ƙwayar ranar, hasken ya ratso ta cikin hayaƙin, ka rage haske kaɗan. In kuma ka gaji da launin ƙasa, ka gangara fadama: tumatir, albasa da alkamar noman rani su ne koren da ya rage a wannan lokaci.

Da dare ko da asuba a gindin wuta, misali makarantar allo, ka kashe filasha. Haskenta yana bugun ƙurar da ke yawo dab da gilashi, sai ka ga fararen ɗigo-ɗigo sun cika hoton. A tsarin Pro ka sa ISO (ƙarfin kama haske) 800 zuwa 1600, saurin ƙiftawar kamara 1/60 na daƙiƙa, ka jingina gwiwar hannu da bango ko ka ɗora wayar a kan turmi. Da rana 1/250 ya isa ga mai tafiya, yara masu guje-guje 1/500, dambe da kokawa kuwa 1/1000.

Kada ka goge gilashin kamara da bakin riga. Ƙurar nan yashi ne mai laushi, tana karce shi a hankali. Ka fara hure ta, sannan ka goge da ƙyallen tabarau. Ka duba kafin kowane ɗauka, domin man da ake shafawa saboda kaushi yana barin maiƙo a gilashi, shi ma yana dusashe hoto. Mai babbar kamara ya canza gilashi a cikin ɗaki, bakinta na kallon ƙasa, ya ajiye ta a leda mai zif. Inda sabis ba shi da ƙarfi ka danna alamar jirgi, neman sabis ne ke shanye batir. Fawa-banki mai 20,000 zai cika waya kamar sau uku.

Sai izini. Ko garinku ne, ka gaisa tukuna kafin ka ɗaga waya. Matan aure da cikin gida sai da yardar su kansu da ta maigida, yara kuma a tambayi iyayensu. In ƙauyen maƙwabta za ka shiga, ka fara zuwa wurin mai unguwa ko dagaci, don a halin da ake ciki baƙo mai ɗaukar hoto ana iya yi masa kallon ɗan leƙen asiri. Shingen jami'an tsaro kada ka ko gwada. Ka kuma kashe sa alamar wuri a saitin kamara kafin ka ɗauki hoton da za ka ɗora a Facebook.

Wajen gyara, maɓallin Dehaze na manhajar gyaran hoto ta Lightroom yana rage hazo, amma ka tsaya tsakanin 10 da 20. In ka zarce, fata tana yin duhu, sama ta yi dabbare-dabbare. In za ka turo mana su nan mu gani ta WhatsApp, ka turo ta wajen da ake tura takardu, don hanyar hoto ta yau da kullum tana matse shi ta rage ingancinsa.