Wancan bidiyon na Aida da ka turo

Yaya, ka tambaya wai ihun me matar nan take yi a bidiyon, kuma da gaske mu Hausawan Italiya muna zama mu kalli irin wannan abu. To ba fim ba ne, opera ce, wasan dandamali da komai rerawa ake yi, gaisuwa waƙa, faɗa waƙa, har mutuwa ma da waƙa ake yinta, kyamara kawai aka kafa aka ɗauka a gaban 'yan kallo. Aida ce ta Verdi, shahararren mai tsara kiɗan opera ɗan Italiya, a Alƙahira aka fara yinta a 1871. Filin nan da ka gani kuma Arena ce ta garin Verona, ginin Rumawa ne na kusan shekara 2000, tun 1913 ake opera a ciki kusan duk bazara. Ihun kuwa horo ne na shekaru, a al'adarsu mawaƙi ba ya riƙe makirufo, sai muryarsa ta tsallake makaɗa ta kai wa na can saman matakala.

Labarin kansa ba baƙo ba ne a wurinka. 'Yar sarkin Habasha ce, Aida, aka kamo take bauta a fadar Fir'auna, sarkin yaƙin Masar Radames yana sonta, 'yar Fir'auna ita ma shi take so, ga uban yarinyar ya matsa mata lamba sai ta jiyo masa hanyar da sojoji za su bi, kishi da cin amana dai, ƙarshe aka rufe Radames da ransa a kabari ashe ita ta riga shi shiga.

Maganar ko muna kallo, gaskiya manyanmu ba mu cika zuwa ba. Tikiti akwai tsada, ana farawa wajen ƙarfe tara na dare daidai magariba a lokacin zafi, a tashi bayan sha biyu, ga mutum zai kama aikin kamfani da asuba. Ta hannun yara abin ya shigo gidajenmu. A makaranta ake koya musu Verdi, su dawo suna rerawa, malama ta ce a kalla a gida, shi ke nan sai a nemo a YouTube ko tashar Rai ta gwamnatin Italiya, rubutu na fitowa a ƙasa, lokacin sallah ya yi a tsayar, wurin rawa wasu iyayen su tura gaba. Ranar 7 ga Disamba da La Scala, babban gidan opera na Milano, ke buɗe kakar wasanni ma kai tsaye ake nunawa a talabijin. Akwai gidajen da ko kusa, maigida ya ce kiɗa ne ba da shi ba, kuma ba wanda yake masa gori, a masallaci sahu ɗaya muke.

Abin da ya fi tayar mana da gardama ma ba kiɗan ba ne, shafa wa Baturiya baƙin kwalli a fuska ne don ta fito a matsayin Aida. A 2022 mawaƙiya Angel Blue, baƙar fatar Amurka, ta fasa zuwa Arena saboda haka. Yaranmu da aka haifa a nan abin na musu zafi sosai, su ake tsokana a aji, ni ma ina bayansu, baƙaƙen mawaƙa ba su ƙare ba.

In za ka kalla ka nemi mai fassarar Turanci ko Larabci, kuma ka tanadi data, ya haura awa biyu.