Zanen da ke fitowa a gona idan an ɗauki hoto daga sama

Malam, ka tambaya ko da'irori da layukan da jirgi marar matuƙi ya nuna a gonakin gero kusa da Gulbin Maradi alamar tsohon gari ne. Yana iya zama, amma kada ka yi saurin yanke hukunci.

Tsohon rami ko gwalalon ganuwa da ya cike yana riƙe danshi, sai shukar da ke kansa ta fi tsayi da kore, ta makara wajen nuna. Harsashin dutse kuwa yana tare saiwa, shuka ta tsumbure, ta yi rawaya da wuri. Ƙarancin ruwan sama ne ke fito da bambancin: a Yulin 2018 haka aka gano wata babbar da'ira kusa da Newgrange, wani tsohon kabari na zamanin da a ƙasar Ayilan.

Gero ba kamar alkama ba ne, tazarar shukarsa tana dusar da zanen. Kuma suri, gindin gawo, tsohon mashekarin shanu da hanyar ruwa duk suna yaudara.

Ka ɗauki hoton a karkace, da sassafe ko la'asar, lokacin da ruwa ya ɗauke kwanaki. Maimaita baɗi. In zanen ya dawo wuri guda, sanar da hukumar al'adu, kada ka tona.