Amsa: direban tsere zai iya riƙe nasa kamfanin?

Ɗan'uwa, ka tambaya ko zakaran tseren motoci in ya kafa tasa ƙungiya zai ci nasara. Mu nan Tawa da muka tashi da labarin tseren motoci na Pari-Dakar, muna ɗauka gwanintar tuƙi ta wadatar. Ina!

Dubi Alain Prost, Bafaranshe, zakaran Formula 1, babbar gasar tseren motoci ta duniya, har sau huɗu. A 1997 ya sayi ƙungiyar Ligier, ya sa mata sunansa. Motocin ba su taɓa lashe tsere ko ɗaya ba, Peugeot mai ba shi inji ta janye bayan 2000, bashi ya taru, farkon 2002 aka rufe. Mai ƙungiya aikinsa neman masu zuba kuɗi ne, da biyan injiniyoyi da makanikai, ba riƙe sitiyari ba.

Jack Brabham na Ostareliya kuwa ya ci gasar duniya a 1966 cikin motar da kamfaninsa ya ƙera, kuma har yau babu wanda ya maimaita. Amma shi makanike ne tun asali, ga abokinsa Ron Tauranac yana zana masa motoci.

A ganina Jackie Stewart, shi ma zakaran Formula 1, ya fi su wayo: ƙungiyarsa ta fara tsere a 1997, ya sayar da ita ga kamfanin Ford a 1999. Waccan ƙungiyar ce Red Bull ta yau.