Me Ke Sa Ruwan Teku Ya Rine Ja?

Tambaya: Na ga hoton teku ya rine ja, matattun kifaye sun cika gaɓa, an kuma hana mutanen yankin cin halittun ruwa masu kwanso. Me ke jawo haka, kuma shin dafawa ba ta kashe gubar?

Amsa: Abin da ke rina ruwan wasu ƙananan halittu ne masu ƙwayar halitta guda, waɗanda ido ba ya gani sai da madubin likita. Kullum suna cikin teku, amma idan ruwa ya yi ɗumi, ya lafa, kuma takin gona da ƙazantar birane suka kwararo cikinsa, sai su hayayyafa har a sami miliyoyinsu a lita guda. Launin kan zama ja ko ruwan ƙasa, wani lokaci ma ruwan ba ya sauya kama alhali gubar da wasu daga cikin halittun ke samarwa tana ciki.

Halittu masu kwanso biyu suna ci ne ta hanyar tace ruwa, don haka suna tara gubar a jikinsu, galibi ba tare da ta kashe su ba. Daga cikin ƙananan halittun nan masu rina ruwa, wani jinsi mai suna Alexandrium yana samar da gubar saksitoksin, wadda ke tsayar da saƙon jijiyoyi. Wanda ya ci, cikin kamar rabin sa'a zai ji leɓɓansa da harshensa suna tsikari, sannan yatsunsa su mutu, idan ta yi tsanani numfashi ya gagara. A Gwatemala a 1987 mutum 26 ne suka rasu ta wannan hanya. A shekarar dai, a tsibirin Prince Edward na Kanada, wata guba dabam ta kwantar da fiye da mutum 100, wasunsu suka rasa ƙwaƙwalwar tuna abin da ya faru yanzu-yanzu.

Batun dafawa shi ne ya fi damuna, domin mutane da yawa sun dogara da wuta. Tafasawa ko soyawa ko daskarewa ba sa lalata gubar saksitoksin, kuma ba ta da wari ko ɗanɗanon da zai ankarar da mai ci. Har yanzu ba ta da makari. Abin da ke ceton rai shi ne a garzaya asibiti a tallafa wa numfashi da na'ura har jiki ya fitar da ita. Shi ya sa hukumomin ƙasashe da dama suke rufe wurin kamu da zarar gubar ta kai maikrogiram 80 a giram 100 na nama, kuma ba sa buɗewa sai gwaji ya nuna ta sauka, ko da ruwan ya daɗe da washewa.