Ɗana yana dawowa daga gidan raino jiki a mace

Tambaya: Assalamu alaikum likita. Ina sana'a a kasuwar Mile 12 a Legas, sai nake barin ɗana mai wata 20 a wani gidan rainon yara a Agege. Kwanan nan in na ɗauko shi sai in same shi yana tangaɗi, ido a lumshe, ko abinci ba ya ci. Maƙwabciyata ta ce ƙila maganin haƙori ake ba shi don ya yi barci, wai ba komai ba ne. Hankalina ya tashi.

Amsa: Wa alaikumus salam. Baiwar Allah, dole hankalinki ya tashi. Yaro mai wannan shekaru barcinsa awa 11 zuwa 14 ne a yini da dare, na rana awa ɗaya ko biyu, kuma ya farka garau yana ɓarna.

Wannan "ba komai" ɗin ita ke cinye mana yara. Kullum sai an kawo mana yaron da aka ɗura wa magunguna masu sa barci irin su Piriton ko Phenergan ko wani haɗin mai kemis, don kawai mai raino ta huta. Phenergan an hana ba yaron da bai kai shekara 2 ba, domin yana iya danne numfashi. Fitowar haƙori kuma ba ta kawo zazzaɓi mai zafi ko gudawa; in an ga su, wata cuta ce ake rufewa da sirof. Mun manta da My Pikin, sirof ɗin fitowar haƙorin nan, ne? A nan Legas aka haɗa shi, a 2008, da guba mai lalata ƙoda, yara 84 suka rasu, iyayensu na ganin maganin haƙori ne kawai. Duk da haka har gobe mai kemis zai miƙo kwalba bai tambayi nauyin yaro ba.

Gobe ki faɗa gidan da azahar ba sanarwa. Ki duba ko duk yaran sun kwanta lokaci guda kamar an yi musu asiri. Ki ƙirga masu raino: mace ɗaya kan yara sama da biyar, nan ake fara neman kwalba. Ki faɗa musu ƙarara kada a ba ɗanki ko paracetamol sai sun kira ki.

In kuwa yau kin tashe shi da ƙyar, numfashinsa ya yi sanyi, ko fitsari ya ragu, kada ki jira gari ya waye. Ki kai shi LASUTH, asibitin koyarwa na Jami'ar Jihar Legas da ke Ikeja, ki tafi da duk kwalbar da kika samu a jakarsa.