Rubutun da ke ƙofofin Alƙahira: amsa ga Yayana

Assalamu alaikum Yaya. Ina gaisuwa, a gaida Hajiya da yara. Na ga hoton da aka turo maka, na kuma ga tambayarka: da gaske ne an rubuta "Aliyyun waliyyullah" a ganuwar Alƙahira, kuma in haka ne, yaya mu mazauna nan muke sallah a irin waɗannan wurare hankali kwance?

Hoton na gaske ne. Babun Nasri ke nan, ɗaya daga ƙofofin birni da waziri Badrul Jamali ya gina a 1087. A saman ƙofar an sassaƙa kalmar shahada a dutse, bayan sunan Manzon Allah (SAW) aka ƙara na Sayyidina Ali. Fatimiyyawa ke mulki a lokacin, 'yan Shi'a Isma'iliyya, waɗanda suka ci Masar a 969 suka kafa birnin. Har Azhar ɗin nan da yaranmu ke zuwa karatu daga gida, su suka gina shi, aka fara Juma'a cikinsa a 972. A aƙidarsu Annabi ya naɗa Ali magajinsa a wani wuri da ake kira Gadir Khum, su kuma jikokinsa ne ta wajen Nana Fatima, don haka shugabancin Musulmi gadonsu ne. Talakawansu Musulmi kuwa galibi Ahlus Sunna ne. Shi ya sa suka sa maganar a ƙofar gari, inda mai jaki da mai raƙumi kowa sai ya bi ta ƙarƙashinta.

Wanda ya fi tsaya mini a rai shi ne masallacin Aƙmar, a titin Mu'izz, wanda aka gama a 1125 zamanin halifan Fatimiyyawa Al-Amir. Ƙarami ne, idan kana sauri sai ka wuce shi. Titi ya yi tudu a shekarun nan masu yawa, yanzu sai ka sauka 'yan matakala kafin ka kai ƙofa. Ɗaga kai za ka ga wani da'ira kamar faifai, a tsakiyarsa sunan Muhammadu da Ali, ayar nan ta Suratul Ahzab mai maganar tsarkake Ahlul Baiti ta kewaye su, layukan sassaƙa kuma suna fita daga jikinsa ta ko'ina. Rubutun kufi ne mai kusurwa, sai ka natsu kafin haruffan su fito maka. Ayar ta kowa ce, muna karanta ta kullum. Zaɓen ta da ajiye ta kewaye da sunayen nan biyu, a nan aƙidar magina take. Haka yake a masallacin Ibn Tulun: a 879 aka gina shi, tun kafin zuwan Fatimiyyawa, amma a 1094 waziri Al-Afdal ya ƙara masa mihirabi mai ɗauke da wancan ƙarin na shahada.

Salahuddin Al-Ayyubi ya kawar da daularsu a 1171. Ya mayar da huɗuba da sunan halifan Abbasiyya, aka cire "hayya ala khairil amal" da 'yan Shi'a ke faɗa daga kiran sallah, aka ma daina Juma'a a Azhar kusan shekara ɗari, sai zamanin sarkin Masar Baibars ta dawo. Amma rubutun Babun Nasri da na Aƙmar yana nan. Malamai nawa suka wuce ta ƙofar nan tun daga wancan lokaci, ba su ce a kankare ba. Ni wannan ya ishe ni natsuwa.

Zamanmu a nan kuwa ga yadda yake. Limamin Aƙmar Ahlus Sunna ne, kiran sallah irin namu ne, muna bin sahu kamar a kowane masallaci. Abin da baƙo daga gida ya fi mamaki shi ne yadda Misirawa ke son Ahlul Baiti a fili. Masallacin Husaini, inda aka ce an kawo kansa daga Askalan, ba ya rabuwa da jama'a. Haka na Sayyida Zainab da Sayyida Nafisa. Lokacin maulidinsu mutanen ƙauye sukan kafa rumfuna a titi suna raba abinci da shayi, kuma ba mai kiran su 'yan Shi'a. Mu ma Hausawa ba bakinmu ɗaya ba: 'yan ɗariƙa suna zuwa ziyara, wasu suna ganin an wuce gona da iri sai su tsaya ga sallah, kuma dukkanmu muna haɗuwa wajen suna da jana'iza.

Cikin masu ɗaukar rubutun nan a matsayin aƙida har yau akwai Bohra, 'yan Isma'iliyya mutanen Indiya masu fararen kaya da hula mai zaren zinariya. Su suka gyara masallacin Al-Hakim na Fatimiyyawa aka sake buɗe shi a 1980, daga baya suka gyara Aƙmar. Mukan haɗu da su a can, su yi ziyararsu, mu yi alwala mu shiga sahu.